Neman Gurbin Karatun Likita a Amurka da GPA Mai Rauni: Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka galibi ba a shiga makarantar likita kai tsaye daga sakandare. Sai mutum ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, sannan ya nemi gurbi, kuma makin da ya tara a waɗannan shekarun shi ne abu na farko da kwamitin ɗaukar ɗalibai ke dubawa. Wannan ne ya sa wanda ya yi tuntuɓe a shekarar farko ta jami'a yake ɗauke da nauyinsa har ranar cike fom. Amsoshin da ke ƙasa na wanda makinsa bai kai yadda yake so ba ne, amma bai haƙura da likitanci ba.

Wane maki ne ake ɗauka a matsayin mai rauni?

Ana auna GPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da mutum ya yi, a kan 4.0. A 'yan shekarun nan, waɗanda suka samu shiga makarantun da ke ba da digirin MD, wato digirin likita da aka fi sani, matsakaicin makinsu yana tsakanin 3.7 da 3.8, na MCAT kuwa, wato jarrabawar neman shiga makarantar likita, tsakanin 511 da 512. A makarantun da ke ba da digirin DO, ɗaya nau'in digirin likita a Amurka, matsakaicin ya kusa 3.6, MCAT kuma 503 zuwa 504. Masu nema sun haura 50,000 a shekara a ɓangaren MD kaɗai, kuma wajen huɗu cikin goma ne ke samun gurbi.

Mu dai ga yadda muke rarraba shi. Mai 3.5 zuwa 3.6 yana ƙasa da matsakaici amma yana cikin fage, abin da yake buƙata shi ne MCAT mai kyau da zaɓen makarantu da hankali. Mai 3.2 zuwa 3.4 yana buƙatar ya kawo wata sabuwar hujja ta karatu. Wanda ke ƙasa da 3.0 kuwa matsalarsa ta bambanta, domin wasu makarantu suna da iyakar da idan ba ka kai ba, kwamfuta ce za ta tace fom ɗinka tun kafin idon mutum ya sauka a kansa. Shi aikinsa na farko shi ne ya tsallake wannan shingen.

Kalmar matsakaici tana nufin akwai na sama, akwai na ƙasa. Kowace shekara ana ɗaukar masu 3.3 da 3.4. Sai dai kusan kullum za ka tarar da wani abu a takardunsu da ya amsa tambayar kwamiti: shin wannan zai iya ɗaukar nauyin karatunmu?

Makin da ke jikin takardar sakamakona shi ne za su gani?

A'a, kuma mutane da yawa a nan suke fara shan mamaki. Hanyoyin neman gurbi uku ne: AMCAS na yawancin makarantun MD, AACOMAS na makarantun DO, sai TMDSAS na makarantun jihar Teksas. Kowanne yana sake lissafa makinka da nasa ma'aunin, ba ruwansa da yadda jami'arka ta lissafa.

AMCAS yana ba A da A+ maki 4.0, A- 3.7, B+ 3.3, B 3.0, B- 2.7, C+ 2.3, C 2.0, a haka har zuwa F da ke sifiri. Yana ninka kowane maki da kiredit ɗin kwas ɗin, wato lambar da ke nuna nauyinsa, ya tara, ya raba. Sannan ya tsaga kwasa-kwasan gida biyu: na kimiyya, waɗanda ake kira BCPM, wato bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi, da kuma sauran. Ya kuma jera su shekara bayan shekara. Saboda haka mai duba fom ɗinka ba lamba ɗaya yake gani ba, tebur ne guda, kuma idonsa ya fi saurin zuwa layin kimiyya. Wanda ke da 3.5 gaba ɗaya amma 3.1 a kimiyya ya fi wanda ke da 3.4 a duka biyun matsala.

AACOMAS ba ya saka lissafi a cikin makin kimiyya. Idan kalkulas ne ya kayar da kai, makin kimiyyarka zai fi kyau a can. TMDSAS kuma ba ya la'akari da alamar ƙari ko ragi: A- ta zama 4.0, amma B+ ta sauko 3.0. Mai tarin A- zai ci riba, mai tarin B+ zai yi asara.

Duk kwas na matakin jami'a da ka taɓa yi a Amurka ko Kanada sai ka rubuta shi, har da wanda ka ɗauka a kwalejin al'umma tun kana sakandare. Ka samo takardun sakamakonka duka, ka zauna ka yi lissafin nan uku da kanka kafin ka yanke kowace shawara.

Idan na maimaita kwas ɗin da na faɗi, sabon makin zai goge tsohon?

Ba zai goge ba, ko da jami'arka ta goge shi a tata takardar. AMCAS yana ƙirga duka biyun. AACOMAS ya taɓa barin sabo ya maye gurbin tsoho, amma ya daina tun 2017, don haka duk shawarar da ka karanta mai cewa ka maimaita kwasa-kwasai ka nufi DO, tsohuwa ce.

Kwas mai kiredit 4 da ka samu C, ka maimaita ka samu A, sakamakonsa kiredit 8 ne a kan 3.0. Wannan ya sa ba mu ba da shawarar maimaita C. Gara ka ɗauki kwas na gaba da shi a fannin, ka ci A: wanda ya samu C a oganik kemistiri ya zo ya samu A a bayokemistiri ya faɗi abin da ya fi maimaitawa ƙarfi. Wanda ya zama dole a maimaita shi ne kwas na sharaɗi da aka samu C- ko ƙasa da haka, domin makarantu da dama ba sa karɓar abin da bai kai C ba a cikinsu. Kwasa-kwasan sharaɗin galibi su ne shekara guda-guda ta bayoloji, kemistiri, oganik kemistiri da fiziks, kowanne da aikin ɗakin gwaje-gwaje, wasu kuma su ƙara bayokemistiri da Ingilishi.

Teksas tana da wata ƙofa ta daban ga mazaunanta: dokar jihar ta ba da damar a yi watsi da kwasa-kwasan da suka kai shekara goma ko fiye idan mutum ya sake shiga jami'ar gwamnati a ƙarƙashin shirin. Amma ana zubar da duka ne, masu kyau da marasa kyau, kuma AMCAS bai san da wannan rangwamen ba.

Kiredit nawa zan ƙara kafin makina ya tashi?

Ɗauko biro. A ce ka gama digiri da kiredit 120 a kan 3.2. Jimillar makinka 384 ke nan. Ka yi shekara guda cur, kiredit 30, ka samu A a kowane kwas ba tare da ko A- ɗaya ba. Ka ƙara 120, jimilla 504, a raba da 150, ya ba ka 3.36. Ka sake wata shekarar haka, kiredit 180, jimilla 624, ya ba ka 3.47. Kafin ka taɓa 3.5 sai ka yi kiredit 72 na A zalla, wato kusan shekara biyu da rabi. Idan kuwa shekarar farkon nan ka samu 3.7 ne maimakon 4.0, abin da za ka tashi da shi 3.30 ne.

Ba don mu karya maka gwiwa muka kawo wannan ba. Mun kawo shi ne don ka daina bin lambar da ba za ta motsa sosai ba, ka maida hankali kan wadda za ta motsa. Makin kimiyya ya fi saurin tashi domin kiredit ɗinsa bai kai yawan na gaba ɗaya ba. Mai kiredit 50 na BCPM a kan 3.0, idan kiredit 30 ɗin nan duka na kimiyya ya yi kuma ya ci A, zai tashi daga 3.0 zuwa kusan 3.38 a shekara guda. Don haka duk kiredit ɗin da za ka biya wa kuɗi yanzu, ya zama na kimiyya, kuma na matakin sama: fiziyoloji, bayokemistiri, ilimin ƙwayoyin gado, ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, ilimin garkuwar jiki. Cika takarda da kwasa-kwasai masu sauƙi ba ya ruɗin kowa, sunayensu suna nan a jere.

To mene ne amfanin wahalar idan lambar ba za ta canza sosai ba?

Amfanin yana cikin teburin da muka ambata. Ga ɗalibai biyu, kowanne 3.3. Na farko: 2.7, 3.1, 3.6, 3.8. Na biyu: 3.7, 3.5, 3.1, 2.9. Na farkon ya faɗi a lokacin da kwasa-kwasai ke da sauƙi, ya miƙe a lokacin da suka yi wuya, kuma mutumin da zai zo aji bana shi ne mai 3.8 ɗin. Na biyun yana gangarowa ne daidai lokacin da yake neman a ɗora masa kayan da suka fi nauyi. Kwamiti ba ya musu kallo ɗaya ko kaɗan. Akwai ma makarantun da suka bayyana a ƙa'idojinsu cewa suna ba kiredit na baya-bayan nan muhimmanci na musamman, don haka ka karanta ƙa'idar kowacce.

Amma kafin ka yi rajistar ko kwas ɗaya, ka gano abin da ya kayar da kai. Ruwa ba ya tsami banza. Aiki ne na sa'o'i 30 a mako tare da kiredit 18? Rashin lafiya ce da ba a kula da ita ba? Ko salon karatu ne, na maimaita karanta littafi da ja masa layi ba tare da warware tambayoyi ba? Idan dalilin yana nan, sakamakon ma zai dawo, kuma B- a sabon karatu ta fi C ta shekarar farko illa, domin ita ba ta da uzurin ƙuruciya. Ka fara da kwas biyu a zangon farko. Idan ka ci su, ka ƙara. Sai dai ka tabbata a ƙarshe ka yi aƙalla zango ɗaya ko biyu da cikakken nauyi, don a ga za ka iya haɗa kimiyya uku ko huɗu a lokaci guda.

Wanne ya fi: ƙarin kwasa-kwasan digirin farko, ko digiri na biyu na musamman?

Abubuwa biyu ne mabambanta, kuma AMCAS ba ya zuba su a kwando ɗaya.

Na farko shi ne abin da ake kira fosbak: ka gama digiri, ka dawo ka ɗauki kwasa-kwasan matakin digirin farko. Waɗannan suna shiga lissafin GPA ɗinka na digirin farko, suna ɗaga shi. Kana iya yi da kanka a jami'ar jiha mafi kusa, kwas-kwas, wanda ya fi araha, ko ka shiga tsararren shiri mai mashawarci da wasiƙar shaida daga kwamitin shirin. Ka lura da irin shirin. Sanannun irin na Bryn Mawr da Goucher na masu sauya fanni ne, waɗanda ba su taɓa yin kwasa-kwasan kimiyyar ba. Ba na mai gyaran maki ba ne.

Na biyu shi ne SMP, digiri na biyu na shekara ɗaya ko biyu wanda ake koyar da darussa irin na shekarar farko ta makarantar likita, a wasu wuraren ma a aji ɗaya da ɗaliban likitancin kuma da jarrabawa iri ɗaya. Na Jami'ar Georgetown da na Jami'ar Boston suna cikin waɗanda aka fi sani. Makin SMP yana fita ne a layi na daban, ba ya taɓa GPA na digirin farko. Ƙarfinsa shi ne yana amsa tambayar kwamiti kai tsaye. Haɗarinsa ma daga nan yake: wanda ya fito da 3.7 zuwa sama ya buɗe wa kansa ƙofa, wanda ya fito da 3.2 ya ba su hujjar ƙin ɗaukarsa da hannunsa, kuma da wuya a samu wani mataki bayan wannan. Ga tsada, domin idan aka haɗa kuɗin makaranta da na zama ba wuya ya haura dala 50,000.

Ra'ayinmu: wanda ke ƙasa da 3.0, ko wanda kiredit ɗinsa na kimiyya kaɗan ne, ya fara da fosbak. Wanda ke tsakanin 3.0 da 3.4, ya riga ya tara kiredit na kimiyya da yawa har ƙari ba ya motsa komai, kuma yana da MCAT mai kyau a hannu, shi ne SMP ya dace da shi. Kafin ka biya, ka tambayi shirin a rubuce: cikin waɗanda suka fara, ba waɗanda suka gama ba, nawa ne suka shiga MD ko DO a Amurka, kuma cikin shekara nawa? Akwai yarjejeniyar ganawa da makarantar likitansu ga wanda ya kai wani maki? Digiri na biyu a lafiyar al'umma kuwa yana da amfaninsa, amma ba ya gyara raunin kimiyya.

MCAT mai ƙarfi zai iya rufe raunin GPA?

Yana rage shi sosai, ba ya shafe shi. Jarrabawar tana da sassa huɗu, kowanne daga 118 zuwa 132, jimilla 472 zuwa 528. Tambayoyi 230 ne: sassa uku masu tambaya 59 a minti 95 kowanne, da sashen fahimtar rubutu da nazari mai tambaya 53 a minti 90. Zaman yakan ci kusan sa'a bakwai da rabi. Ita ce ma'auni ɗaya da kowa ya hau, ko daga wace jami'a ya fito, shi ya sa ta fi muhimmanci ga mai raunin maki fiye da kowa.

Mai 3.3 ko 3.4 da ke son MD ya sa ido a kan abin da ya haura matsakaicin waɗanda ake ɗauka, wato 513 zuwa sama, ba tare da wani sashe ya faɗo ƙasa da 125 ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zama jarrabawar don a gwada sa'a. Makarantu suna ganin duk sakamakon da ka taɓa samu, kuma akwai iyaka: sau 3 a shekara guda, sau 4 a shekara biyu a jere, sau 7 a tsawon rayuwa. Kada ka haɗa shirinta da zangon da kake ƙoƙarin cin A, ɗaya zai cinye ɗaya. Ka ware mata wata uku zuwa huɗu, ka yi cikakkun jarrabawowin gwaji na AAMC, ƙungiyar makarantun likita ta Amurka da ke shirya MCAT, da agogo, tun safe kamar ranar gaske. Idan matsakaicin ukun ƙarshe bai kai abin da kake nema ba, ka ɗage ranar. Yawancin makarantu suna karɓar sakamakon da bai wuce shekara biyu ko uku ba, saboda haka kada ka yi ta da wuri alhali da sauran shekara biyu na fosbak a gabanka.

In yi bayanin abin da ya jawo raunin, ko in yi shiru?

Ka yi, amma a gajarce kuma a inda ya dace. Babbar takardar bayanin kai a AMCAS haruffa 5,300 ce har da tazara, kuma aikinta shi ne ta faɗi dalilin da ya sa kake son likitanci. Kada ta koma takardar ban haƙuri. Akwai wani fili na haruffa 1,325 don ƙalubalen rayuwa da suka yi tasiri a kanka, kuma fom na biyu da makarantu ke aikowa yakan tambayi ko akwai abin da kake son bayyanawa game da sakamakonka. Nan ne wurinsa.

Jimla uku ko huɗu sun isa: abin da ya faru, abin da ka canza, da hujja. Misali: "A shekarata ta biyu ina aikin dare sa'o'i 32 a mako don biyan haya, na samu C biyu da D ɗaya. Na rage aikin zuwa sa'o'i 15, na koma warware tambayoyi kullum maimakon karatun dare ɗaya. A kiredit 45 na kimiyya da suka biyo baya makina 3.8 ne." Babu zargin malami, babu neman tausayi. A ganawa ma haka za ka faɗe shi, sannan ka yi shiru ka jira tambaya ta gaba.

Idan jami'a ta taɓa ɗaukar wani mataki a kanka saboda raunin karatu ko ɗa'a, fom ɗin yana tambaya, kuma dole ka amsa da gaskiya. Ɓoyewa na iya jawo a janye gurbin bayan an ba ka.

Shin DO likita ne cikakke?

Ƙwarai. Yana da lasisin duba marasa lafiya, rubuta magani da yin tiyata a duk jihohi 50. Tsarin ya samo asali ne daga Andrew Taylor Still, wanda ya buɗe makarantar farko a Kirksville ta jihar Misuri a 1892, kuma yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a makarantun DO suke. Suna yin ƙarin horo na gyaran gaɓoɓi da tsoka da hannu, kuma jarrabawar lasisinsu ita ce COMLEX, kodayake da yawa suna haɗawa da USMLE, jarrabawar lasisin da 'yan MD ke yi. Tun 2020 horon ƙwarewa na MD da DO ya koma ƙarƙashin hukuma ɗaya. A rabon guraben horon na 2024, kashi 93.5 na 'yan ajin ƙarshe na MD sun samu, na DO kashi 92.3. Fannoni masu tsananin gasa kamar tiyatar ƙwaƙwalwa da cututtukan fata sun fi wuya ga DO, wannan gaskiya ne. Amma mai 3.3 da ya ƙi cike AACOMAS ya rufe wa kansa ƙofar da ta fi faɗi. Ka nemi likitan DO ka bi shi a wurin aiki, domin makarantunsu da dama suna son wasiƙa daga irinsa.

Yaya zan zaɓi makarantu, kuma guda nawa?

AAMC tana da rumbun bayanai mai suna MSAR da ke nuna GPA da MCAT na waɗanda kowace makaranta ta ɗauka, daga na ƙasa zuwa na sama. Kada ka tsaya a lambar tsakiya, ka duba ta kashi goma na ƙasa. Idan makinka bai kai ta ba, kuɗinka kawai za ka zubar, sai fa idan kana da SMP ko fosbak mai ƙarfi. Ka fara da makarantun gwamnati na jihar da kake zaune, nan ne damarka ta fi yawa. Ka cire na gwamnatin wasu jihohi da ba sa ɗaukar baƙi sosai. Na Teksas, alal misali, doka ta ɗaure su da ba mazauna jihar aƙalla kashi 90 na gurabe. Sannan ka duba manufar makaranta. Wadda aka kafa don samar da likitocin karkara tana neman wanda ya yi aiki a karkara, ba wanda ya rubuta cewa yana sha'awa ba.

Ga mai raunin maki, 20 zuwa 30 tsakanin MD da DO adadi ne mai ma'ana. Ka yi kasafi tun da wuri: a 2024 AMCAS ya karɓi dala 175 a makarantar farko da dala 40 da wani abu a kowace ƙari, fom na biyu kuma yawanci kusan dala 100 kowanne. AAMC tana da shirin rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi wanda ke ɗauke kuɗin makarantu har 20 ya kuma rage na MCAT, amma sai ka nema an amince kafin ka biya, ba a maido abin da aka riga aka biya.

Lokacin miƙa fom yana da tasiri?

Sosai. Yawancin makarantu suna duba fom suna ba da ranakun ganawa bi da bi, wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. AMCAS yana buɗewa a watan Mayu, ana fara miƙawa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ana fara tura wa makarantu a ƙarshen Yuni. Tantance takardun sakamako kan ɗauki makonni da dama idan layi ya yi tsawo. Ka aika a turo takardunka tun Mayu, ka miƙa a makonni biyun farko, ka rubuta amsoshin fom na biyu tun kafin su iso, ka maido kowanne cikin mako biyu. Sakamakon MCAT yana fitowa ne bayan kusan wata guda, don haka ka zauna ta kafin ƙarshen Mayu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai zaɓi mai wuya a nan. Idan kana tsakiyar fosbak, makin da ba ka samu ba tukuna ba zai shiga lissafin AMCAS ba. Sau da yawa jira shekara guda a miƙa da kiredit 30 a hannu ya fi miƙawa yanzu da alkawari.

Wasiƙun shaida da gogewar asibiti fa?

Ba sa maye gurbin maki, amma wasiƙa ɗaya tana da aiki na musamman a wurinka: ta malamin kimiyya da ya koyar da kai kwanan nan, a kwas mai wuya, wanda zai iya cewa ka fito cikin na gaba a ajinsa. Ka riƙa zuwa ofishinsa tun farkon zango don ya san ka. A fom akwai gurabe 15 na ayyuka, haruffa 700 kowanne, uku daga ciki kana iya faɗaɗa su. Ba dole ka cika duka ba. Shekara biyu kana aiki da marasa lafiya a wuri ɗaya, a motar agajin gaggawa ko gidan kula da tsofaffi, ta fi abubuwa goma na mako bibbiyu. Kawai kada sa'o'in aikin su sake cinye makin da ka zo gyarawa.

Makarantun Karebiyan suna cewa za su ɗauke ni yanzu. In tafi?

Ka yi taka-tsantsan matuƙa. Manyansu, irin St. George's a Grenada da Ross a Barbados, sun yaye likitoci da yawa da ke aiki a Amurka. Sai dai shiga da sauƙi, fita da wuya. Ana sallamar ɗalibai da dama kafin a bar su su zauna USMLE, bashin kuma yana nan a wuyansu. A rabon 2024, 'yan Amurka da suka yi karatu a ƙasashen waje kashi 67 ne suka samu gurbin horo, kuma wannan lissafin bai haɗa da waɗanda suka zube a hanya ba. Wanda bai gyara abin da ya kayar da shi a digirin farko ba zai tarar da shi a can, inda tallafi ya fi ƙaranci. Ka gwada MD da DO sau biyu da fom mai ƙarfi kafin ka waiwayi wannan hanyar.

Ni ba ɗan ƙasa ba ne, kuma ba ni da katin zama na dindindin. Duk wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, da ƙarin shinge. Makarantun da ke ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje kaɗan ne, guraben da suke ba su ma kaɗan, kuma yawanci masu maki sosai ne ke samu. Ba ka da damar bashin karatu na gwamnatin tarayya, wasu makarantu kuma suna neman hujjar kuɗin shekara ɗaya ko ma na shekara huɗu tun kafin ka fara. AMCAS ba ya tantance makin jami'o'in da ke wajen Amurka da Kanada, kuma makarantu da dama suna sharɗanta aƙalla shekara ɗaya ta karatu, ko kwasa-kwasan sharaɗi duka, a ɗaya daga cikin ƙasashen biyu. Ka tace MSAR da wannan sharaɗin tun farko, ka ga makarantu nawa suka rage kafin ka kashe kuɗi a fosbak.

Na nema bara ban samu ba. In sake miƙawa bana?

Sai idan akwai abin da ya canza wanda za a iya nunawa da yatsa. Makarantar da ka taɓa nema za ta gan ka a matsayin mai sake nema, kuma da yawa suna tambaya kai tsaye me ya bambanta. Ka duba inda tafiyar ta tsaya. Idan ko ganawa ɗaya ba a kira ka ba, matsalar tana cikin lambobi, ko jerin makarantu, ko jinkirin miƙawa. Idan an kira ka sau uku ko huɗu amma ba a ɗauka ba, lambobinka sun wuce, ganawar ce ke buƙatar aiki: ka sa wani ya yi maka ta gwaji, ka ɗauki bidiyo, ka kalli yadda kake amsa tambayar raunin maki. Wasu ofisoshin ɗaukar ɗalibai suna yarda su tattauna da wanda ba su ɗauka ba bayan an rufe zagayen, ka rubuta musu ka tambaya. Ka sabunta wasiƙun shaida, ka sake rubuta bayanin kai daga farko, ka kuma duba ko sakamakon MCAT ɗinka zai kasance cikin wa'adi a shekarar da za ka shiga aji, domin wasu makarantu daga ranar shiga suke ƙirgawa, ba daga ranar miƙa fom ba.